Wa ke binciken gangar baƙin mai?

Masu bincike kan zo masana'antunmu, su ƙirga tamma-tamma cikin littafin kuɗi, su sa hannu, su tafi. Babu mai leƙa mangaza, inda gangar baƙin mai ke buɗe tana shan ƙurar hunturu. Alhali ƙurar nan ce ke cinye ƙarfen inji! Tun karyewar darajar sefa a 1994 muka ɗanɗana tsadar kayan gyaran waje. Har yanzu ma'aikaci na gauraya giris iri biyu, don ba a rubuta masa ƙa'ida ba. A ɗebi mai kaɗan a auna mana: ɓarɓashin ƙarfe zai tona lalacewa tun inji bai tsaya ba. Amma wani darakta ya fi son sayo sabo. Can kamasho yake.