TIYATA KYAUTA CE, AMMA WA ZAI RIƘE MAI JEGO?

A watan Nuwamba na 2024 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwa a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga matan talakawa. Jama'a sun yi murna, kuma da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

To, amma aikin likita ba ya bin mace gida. Bayan kwana uku ko huɗu akan sallame ta, alhali cikin da aka yanka har mahaifa yana bukatar kamar mako shida kafin ya kama jiki. A nan ne 'yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan, Agege, Idi-Araba da Shagamu suke da matsalar da ba a faye magana a kanta ba. A Arewa mai jego tana da uwa ko gwaggo a kanta har ta yi arba'in. A kurmi kuwa ɗaki ɗaya ne, maigida ya fita kasuwa tun asuba, ita ce ɗibar ruwa, ita ce wanki. Macen da likita ya hana ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi, sai ka gan ta da bokiti kafin suna.

Wasu mazan dabararsu ita ce su sa ta a mota zuwa gida da zarar an yanka rago. Daga Legas zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Daɗewa a zaune bayan tiyata yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ga kuma gargada a kan ɗanyen ɗinki. Kuɗin motar nan, da uwarta ko 'yar'uwarta aka aika wa ta zo, da ya fi.

Sai dai ita ma tsohuwa in ta zo da nata ilmin take zuwa, watau wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, da kunun kanwa. Ba raina iyayenmu muke yi ba, amma wannan wanka ba don mai ɗinki aka tsara shi ba. Ruwa mai ɗumi ya isa, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, kada a gasa, kada a danna. Kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta yawan shanta, haɗe da zafin wankan, da ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego.

Maigida ya lura: zazzaɓi, ɗinki ya yi ja ko yana fid da mugunya, jini mai yawa ko mai wari, ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi da ƙyar, ko ciwon kai mai tsanani, duk na komawa asibiti ne a ranar, ba sai an jira ranar da aka rubuta a kati ba. Likitoci kuma suna son a yi aƙalla wata 18 kafin wani ciki, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, domin tabon mahaifa yana iya tsagewa wajen naƙuda. Ko da za a koma Arewa, a tafi da katin.