"Saura mutum ɗaya": wa yake biyan kuɗin lattinmu? Zare 🧵

1/ Babu ƙaryar da ta kai "saura mutum ɗaya" daɗewa a tashar mota. Za ka leƙa ka ga mota ta kusa cika, ka zauna da murna. Da an samu fasinja na gaske sai ka ga biyu daga cikin waɗanda ka tarar sun sauka. Ashe 'yan kamasho ne aka ajiye don jan hankalinka 😂

2/ Duk mai zirga-zirga a hanyar Karfi, Bunkure, Rano zuwa Kibiya ya san sauran karatun. Gaba mutum biyu, baya huɗu, giya tana dukan gwiwarka. A but kuma buhun masara ne da akuya mai kallonka kamar kai ka sayar da ita.

3/ Sai rigimar canji. Ka miƙa dubu, direba ya ce "ba ni da canji, Malam, ku haɗa da wancan." Shi ke nan an ɗaura muku aure da baƙon da ba ka taɓa gani ba, ku bi mai rake da mai goro kuna neman a fasa muku.

4/ In ka ce za ka yi tiransifa, sabis ya ɗauke. An cire kuɗin a wajenka, shi alat bai shigo masa ba. Kowa na nuna wa kowa fuskar waya, mota a tsaye, wata Hajiya a baya tana cewa "don Allah ku yi wa Allah ku tafi da mu."

5/ Ka isa ofis a gajiye, an riga an ja jan layi a rajistar sa hannu. Wanda ya ja layin ya fita shan shayi. Oga "yana mitin." Babu wuta, janareto ba mai, takarda ɗaya tak za a buga sai an aika masinja cikin gari.

6/ Ina cikin masu dariyar waɗannan abubuwa, don in ba a yi dariya ba hawan jini ne. Amma ra'ayina shi ne: mun mayar da lattin ma'aikaci abin barkwanci, alhali akwai wanda yake biyan kuɗinsa kullum, kuma ba ya cikin masu dariyar.

7/ Mu fara da lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ana sayar da litar fetur ƙasa da ₦200 a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura ₦500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce ₦1,000.

8/ Mafi ƙarancin albashi a Kano ya koma ₦71,000 a 2024. Raba shi gida 22, kwanakin aiki a wata, bai kai ₦3,300 a rana ba. Yanzu cire kuɗin mota zuwa da dawowa ga wanda yake kwana a birni, aikinsa yana Rano ko Kibiya. Me ya rage na cefane?

9/ Kuma isa Rano ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Wanda aka tura mazaɓa irin Saji, Zurgu ko Rurum sai ya sake neman abin hawa. Da damina, in hadari ya haɗu, ɗan acaba ma sai ya ga dama, farashin kuma shi zai yanka.

10/ To me ke faruwa? Sai a fara "haɗin gwiwa": ni na zo Litinin da Talata, ke ki zo Laraba da Alhamis, wani ya sa wa wani hannu. A rajista kowa ya zo. A aji kuma yara suna zaune har goma ba malami.

11/ Wannan yaron shi ne mai biya. Da matar da ta taso tun asuba daga ƙauye don awon ciki, ta zauna a benci har azahar, a ce mata ta dawo jibi. Kuɗin motarta ita ma ya tafi, kuma wataƙila ba za ta dawo ba.

12/ Na san abin da wasu za su ce: "Ai da ya karɓi aikin ya san inda za a kai shi." Gaskiya ne. Albashi amana ne, tsadar mai ba ta halatta cin haƙƙin ɗan talaka ba. Akwai kuma masu lalaci zalla, gidansu yana bayan ofis amma su ne ƙarshen zuwa. Waɗannan ba na kare su.

13/ Sai dai jan layi a rajista bai taɓa rage kuɗin mota ba. A Yunin 2023 Kwara da Edo sun rage zuwa ofis zuwa kwana uku a mako saboda tsadar sufuri. Wannan zai yi wa mai aikin fayil, amma aji da ɗakin haihuwa ba sa jira. Su maganinsu daban.

14/ A tura mutum kusa da gidansa. Rano da Kibiya cike suke da matasa masu NCE da takardar aikin lafiya suna zaune. Wanda dole sai an kawo shi daga nesa, a gyara masa gidan ma'aikata ya kwana a wurin, ko a ba shi alawus na karkara da zai ji a aljihunsa.

15/ Sannan a auna aiki, ba sa hannu ba. Darasi nawa aka koyar? Mutum nawa aka duba? Shugaban da yake son a zo ƙarfe takwas, a tarar da shi a kujerarsa ƙarfe takwas.

16/ Mu kuma masu waya a hannu, in mun gama sa hoton akuya a but, mu tambayi kansilanmu da ciyaman: malamai nawa ne a makarantar mazaɓarmu suke kwana a garin? Wanda yake bin wannan hanya kullum, nawa kake kashewa a mako? Ku ajiye mana a ƙasa 👇