Turai: Masu ƙyamar baƙi na cin nasara tun kafin su karɓi mulki

A zaɓen majalisar Tarayyar Turai na watan Yunin 2024, jam'iyyar RN ta Marine Le Pen ta samu kusan kashi 31 cikin 100 na ƙuri'un Faransa, abin da ya sa shugaba Emmanuel Macron ya rusa majalisar dokoki a daren ranar. A Jamus kuma, AfD ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da kusan kashi 21. Take ɗaya suke rerawa: baƙin haure ne silar matsalolin ƙasa.

Fushin masu zaɓe yana da tushe. Akwai tsadar rayuwa, ƙarancin gidajen haya, da ƙananan garuruwan da ke rasa likitoci. Sai dai AfD ta fi ƙarfi a gabashin Jamus, inda baƙi suka fi ƙaranci. Wannan na nuna cewa baƙo ya zama wanda ake saukewa haushin da gwamnati ta jawo.

Babbar nasarar waɗannan jam'iyyu ita ce yadda masu mulki suka rungumi manufofinsu don kada su rasa ƙuri'u. A Disambar 2023, majalisar Faransa ta amince da dokar tsaurara shige da fice da goyon bayan 'yan RN, har Le Pen ta ɗauke ta a matsayin nasarar aƙidarta, duk da cewa kotun tsarin mulki ta soke sassa da dama daga baya. A 2024, Tarayyar Turai ta amince da sabuwar yarjejeniyar ƙaura mai hanzarta tantance masu neman mafaka a kan iyaka.

Yankinmu ya ɗanɗana wannan siyasa tun da wuri. Dokar 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani a Nijar, wadda Turai ta mara wa baya, ta durƙusar da sana'ar direbobi da masu masauki a Agadez, ta kuma tura matafiya hanyoyin hamada masu haɗari. Hukumomin soja sun soke ta a Nuwambar 2023.

Amma tattalin arziƙi ba ya bin furucin gangamin siyasa. Giorgia Meloni, wadda ta hau mulkin Italiya a 2022 da alƙawarin toshe hanyar teku, ita ce ta amince da shigar ma'aikata baƙi kimanin dubu 450 tsakanin 2023 da 2025, saboda gonaki da gidajen kula da tsofaffi ba su da ma'aikata.

Turai na buƙatar ƙarfin matasan Afirka, tana kuma neman gwamnatocinsu su tsare mata iyaka. Wannan buƙata ita ce abin da ƙasashen Sahel ke riƙe da shi a teburin tattaunawa. Duk yarjejeniyar tsaron iyaka da ba ta ƙunshi bizar aiki da ta karatu ta halal ba, matasan yankin ne za su biya farashinta.