Rijiya ta bayar, guga ya hana: ina tallafin 'yan kasuwa yake maƙalewa?

A ƙasar nan ba a rasa mai bayarwa ranar musiba. Wuta ta ci kasuwa ko ruwa ya shanye ta, kafin toka ta huce ko laka ta bushe, jerin gwanon motoci ya iso. Gwamna ya zo jaje, minista ya zo, attajirai su aiko da wakilai, a kira miliyoyi da biliyoyi a gaban 'yan jarida, jama'a su ɗauki kabbara. Sai a kafa kwamiti. To, wanda ya ga dama ya koma kasuwar bayan wata shida, ya tambayi mai teburin takalma abin da ya shigo hannunsa. Amsar ba ta wuce uku: "An dai rubuta sunana," ko "An ce mu jira kashi na biyu," ko kuwa "Ni ko sunana ba a rubuta ba."

Sata tana ƙona mini rai, amma akwai abin da ya fi ta ciwo. An kifa tsarin sa ido, an mai da kansa ƙasa. Duk wani sharaɗi da tantancewa da "kawo takarda" an jibga su a wuyan wanda ya yi asara. Wanda aka damƙa wa kuɗin kuwa, ba mai tambayarsa ko rasit ɗin man mota.

Mu ɗauki Maiduguri. A ƙarshen Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta tashi a babbar kasuwar Monday Market, ta lashe shaguna masu ɗimbin yawa. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin, har da wannan kasuwa. Ke nan akwai ɗan kasuwar da ya rasa jarinsa, ya ci bashi ya tashi, ruwa ya sake kwashe bashin. Mutane sun yi abin a yaba. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, Allah ya jiƙansa, ya ba da naira biliyan 1.5, Alhaji Abdussamad Rabi'u ya ba da biliyan 2, jihohi da bankuna da ƙungiyoyi suka yi ta aikowa. Gwamnatin Borno ta kafa kwamitin rabo, kwamitin ya yi rabo, ya kuma faɗi jimillar abin da ya raba. Madalla. Sai dai jimilla a bakin shugaban kwamiti, a Borno ne ko a Kano ko a Mokwa, ba ta isa a kira ta lissafi ba. Lissafi shi ne suna, da lambar shago, da abin da aka ba mutum, da ranar da aka ba shi, a wurin da maƙwabcinsa zai iya karantawa ya ce "gaskiya ne" ko "ƙarya ne."

Duba abin da aka saba nema a hannun wanda ya yi asara. A ce ya kawo takardar mallakar shago, da rajistar CAC, da BVN, da NIN, da rasit ɗin kayan da suka ƙone, da wasiƙar shugaban layi, da hotuna. Jama'a, rasit ɗin fa yana cikin shagon da ya ƙone! Mutumin da yake sarin kaya da amana, ya karɓi dila a hannun babban dila a Kantin Kwari da alkawarin zai biya in ya sayar, wane rasit gare shi? Littafin bashinsa ne kaɗai shaidarsa, shi ma ruwa ya tafi da shi. A lokacin korona an ga irin wannan ƙarara. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 a 2020 ta hannun bankin NIRSAL, gwamnatin tarayya ta fito da wani shirin na biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i, aka ce kowa ya nema ta intanet. Wa ya fi saurin cike fom? Mai babbar waya da ɗan'uwa a ofis. Mai shayi da mai facin taya suna ji a rediyo. A wannan giɓi ne 'yan tsakiya suke yin gida, masu cewa "kawo BVN ɗinka in shigar da kai, in ta fito a raba."

Ga kuma wata cutar da ba a cika faɗa ba, alhali duk ɗan kasuwa ya san ta. A yawancin manyan kasuwanninmu, sunan da ke cikin rajistar hukumar kasuwa ba na mai zama a shagon ba ne. Na wanda aka raba wa shagon ne tun asali, wani babban ma'aikaci ko ɗan siyasa ko magadansa, wanda ya ba da haya yana karɓar kuɗinsa duk shekara. In kwamiti ya ɗauko wannan rajista ya yi rabo da ita, mai ginin zai karɓi tallafi, gwamnati kuma ta sake gina masa shagon, wataƙila har ya ƙara kuɗin haya saboda sabon gini. Ɗan hayar da atamfofinsa suka zama toka ya tashi a tutar babu. Masu tebur da masu baro da 'yan dako da matan da ke sayar da abinci a bakin layi kuwa, su ko a takarda babu su. Haka matar da ke cikin gida, wadda ruwa ya lalata mata keken ɗinki ko injin markaɗe, ko ya tafi da buhunan gyaɗar da take yin mai da ƙuliƙuli. Ana lissafa ta a cikin "magidanta," a ba gidan shinkafa da tabarma, ba wanda ya rubuta cewa sana'a ce sukutum ta mutu. Shinkafar za ta ƙare cikin mako biyu. Keken kuwa shi yake ciyar da gidan shekara da shekaru.

Yanzu mu ɗaga kai sama, mu ga irin tantancewar da ake yi wa masu riƙe da lalitar. Bayan ambaliyar 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da naira biliyan 17.6, jihohi suka karɓi biliyan 13.3 daga ciki. Duk jihar da take da jerin sunayen 'yan kasuwar da ta biya daga wannan kuɗi, don Allah ta fito da shi mu gani. Asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981 don maganin zaizayar ƙasa da ambaliya, shi ne wanda kotu ta sami tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, da laifin karkatar da sama da naira biliyan 1 daga cikinsa. An gurfanar da shi a 2007, ba a yanke hukunci ba sai 2018. Shekara 11! Aka ɗaure shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, a 2022 aka yi masa afuwa. Wane darasi aka koya wa na baya, in ba cewa abin ba shi da wani zafi ba?

A watan Oktoban 2020 mun ga jama'a suna fasa rumbuna a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suna fito da kayan tallafin korona da aka jibge watanni ana yunwa. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, kan wata takarda da ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata. Ku lura da yadda maganar ta fito. Ba mai binciken kuɗi ne ya gano ta ba. Takardar ce ta ɓulla a shafukan sada zumunta, aka yi ca, sannan gwamnati ta motsa. Ƙasar da sai takarda ta kuɓuce ake sanin inda kuɗin talaka ya nufa, ba ta da tsarin sa ido, sa'a kawai take jira.

Dalilin ma yana cikin doka. Sashe na 85 na kundin tsarin mulki bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon bincikar littattafan hukumomin gwamnati masu cin gashin kansu kai tsaye ba. Yana ba su jerin kamfanonin binciken kuɗi da za su zaɓa, ya yi tsokaci a kan rahotonsu, ya riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Rahotonsa na shekara kuma yakan fito ne bayan shekaru sun shuɗe, lokacin da shugaban hukumar ya tafi, kwamitin ya watse, ɗan kasuwar ya koma dako ko ya tafi ci-rani. Kuɗin da attajirai da bankuna suka bayar kuwa sun fi shiga duhu, domin ba su cikin kasafin kuɗi, majalisar jiha ba ta amince da su ba, ba ta kuma bin sawunsu. Wani ma alkawari yake yi a gaban kyamara, kuɗin ba su taɓa shiga asusun ba, ba kuma wanda zai fallasa shi.

Kada wani ya ce mini ai ko'ina ana sata. Na sani. A Amurka, Sufeto Janar na hukumar kula da ƙananan kasuwanci ya fitar da rahoto a Yunin 2023, ya ce sama da dala biliyan 200 na tallafin korona mai yiwuwa sun faɗa hannun 'yan damfara. Sata ce mai ban tsoro. Amma ofishin da ke cikin hukumar ne ya ƙirga ta ya faɗa wa duniya, kafofin yaɗa labarai sun kai ƙara har kotu ta tilasta a buga sunayen waɗanda suka karɓa, ana kuma gurfanar da mutane ana ƙwato kuɗi. Mu a nan ko yawan abin da ya ɓace ba a ƙirgawa.

Mu ma 'yan kasuwa da shugabanninmu ba mu fita ba. Sau nawa shugaban layi yake cusa sunan ƙaninsa da surukinsa da yaron gidansa a jerin waɗanda suka yi asara? Sau nawa wanda ya rasa kayan dubu 300 yake rubuta miliyan 3, yana cewa ai kuɗin gwamnati ne? Ba na gwamnati ba ne, malam, na maƙwabcinka ne da kuke sahu ɗaya a masallacin kasuwa. Kowane sunan bogi hakkin wani ne aka danne. Ga kuma wannan ɗabi'a tamu ta cewa "ai kyauta ce, ba a tuhumar kyauta," ko a ja "Allah ya isa" a koma gida. Kuɗin da aka tara da sunanka amana ce a hannun kwamiti, tambayar inda amana ta shiga kuwa ba rashin godiya ba ne.

Gyaran ba ya buƙatar ƙwararru daga waje. Ba a fafe gora ranar tafiya: kowace kasuwa ta rubuta mutanenta tun yau, mai shago daban, ɗan haya daban, mai tebur da mai baro kowa da sunansa da lambar wayarsa da irin hajarsa, a ajiye kwafi a wajen kasuwar, a sabunta duk shekara. In musiba ta zo, asusu ɗaya tak za a buɗe, a riƙa sanar da abin da ya shiga duk mako, a bambanta wanda ya yi alkawari da wanda ya cika. Kafin a biya ko sisi, a liƙa jerin sunaye da adadin kuɗi a ƙofofin kasuwa, layi layi, a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da duk harshen da mutanen wurin suke ji, a ba da mako biyu don ƙorafi. Wanda ba shi da takarda, shaidar maƙwabtansa biyu a bainar jama'a ta wadatar, domin ƙarya a gaban layi guda ta fi wuya a kan buga rasit ɗin bogi. A biya ta asusun banki, ba a ambulan ba. A ƙayyade abin da kwamiti zai kashe wa kansa na alawus da mai da otal, a buga shi. Cikin wata uku da gama rabo, mai binciken kuɗi na jiha ya fitar da rahoto, kowa ya gani. Wanda aka kama, jami'i ne ko shugaban kasuwa ko ɗan kasuwar da ya yi ƙarya, a kai shi kotu da sunansa.

Akwai kuma makamin da muka bari yana tsatsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ta hau kansu su ma. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Sabon Gari zuwa Monday Market, ku daina zaman jiran kashi na biyu. Ku sami lauya ɗaya, ku rubuta wasiƙa, ku nemi jerin sunaye da bayanin asusu. 'Yan jarida kuma ku koma kasuwar bayan wata shida, kada aikinku ya tsaya a ranar jaje. Kwamitin da ya yi gaskiya ba abin da zai rasa in ya liƙa sunaye a bango. Wanda ya ƙi kuwa, ya riga ya faɗa mana abin da ke cikin takardar.