FILIN MATA: A Shuka Karkashi A Bayan Ɗaki

 Ran nan na tambayi 'yan matan ajina ko wa ta taɓa ganin furen karkashi. Dukkansu sun sha miyarsa, amma biyu kaɗai suka ɗaga hannu, su ma daga ƙauye suka zo Gusau. Sauran garinsa kawai suka sani, ƙulle a leda. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce yau sai mun yi zancensa.

Karkashi ɗan'uwan riɗi ne. Masana tsirrai suna kiransa Ceratotheca sesamoides, watau mai kwanso da ƙaho, mai kama da riɗi. Wani yakan kwanta a ƙasa ya yi yaɗo, wani ya miƙe ya kai ƙugun mutum. Ganyensa da gashi-gashi, in kin murza shi da ɗan ruwa nan da nan ya yi yauƙi. Furen kuwa kyakkyawa ne ƙwarai, kamar 'yar ƙararrawa, ruwan hoda mai sirkin shuni, da zane-zane a cikinsa. Jigawa mai yashi ita ce wurinsa, ba ya son inda ruwa ke kwanciya.

Turawa ma suna da wani ɗan furen daji da suke ce wa bayolet. Ba dangin karkashi ba ne, amma ganyensa na yauƙi, har a Amurka akan kira wani irinsa kuɓewar daji. Su ba su bar shi a daji ba, suka kawo shi lambu. Birnin Tulus na Faransa ya yi suna da shi, har alewa ake yi da furen.

To, mu fa? Da can ba mai shuka karkashi, Allah ne ke fid da shi a gefen gona, iyayenmu su tsinko da damina, su shanya na rani. Yanzu abu biyu sun shiga tsakani. Na farko, tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, mace a ƙauyukan Tsafe ko bayan dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu ba ta iya nisa da gari don ganyen miya. Wace uwa za ta aiki 'yarta? Na biyu, maganin feshi. Shi ba ya bambanta ciyawa da miya, duka yake ƙonewa. Wanda ya tsira kuma a gonar da aka fesa, don Allah kada ki tsinka, kada ki ba yara.

Shuka shi ba wuya. In ruwa ya zauna a watan Yuni, ki kaftu ɗan wuri a bayan ɗaki inda rana ke samu, ki zuba taki wanda ya ruɓe. Irin ƙanana ne, sai ki cuɗa da yashi ki watsa, kada ki binne da zurfi. In gidanku siminti ne, tsohon buhu ko fasasshen baho ya isa, muddin kin huda ƙasansa. Ki kare shi daga awaki da kaji, su ne manyan abokan gaba. Bayan kamar mako 6 sai ki fara tsinkar kan, kada ki tuge. Tsinkar ce ke sa shi rassa. Ki bar gindi uku ko huɗu su yi 'ya'ya, ki cire kwanson kafin ya fashe, ki adana iri a kwalba.

Wajen shanya, a inuwa za ki yi, bisa tabarma mai tsabta. Rana tana kashe masa launi. Miyar kuwa ba sai na koya muku ba, sai dai ina roƙo a rage hannu wajen kanwa, gama wasunmu sukan zuba har miya ta yi ɗaci.

Saura guda. Busasshen ganyen nan, in kin jiƙa shi a ruwan ɗumi, ruwan yana wanke kai, ya sa tsifa ta yi sauƙi. Matan Chadi ambunu suke ce masa, yau har Turai da Amurka ana sayar da shi da wannan suna, a 'yan ƙunshi masu tsada. Wadda ke da iri mai kyau ta ɗan sam wa maƙwabciyarta kafin ruwa ya sauka.