Ƙararrawa Ba Za Ta Bi Ku Gida Ba

Da aka ce in rubuta wani abu a littafin shekarar nan, sai na ce ba zan yi dogon yabo ba, gama shugaban makaranta ya riga ya yi, kuma kun cancanta. Ni dai akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, ina so in faɗa wa 'ya'yanmu na ajin ƙarshe kafin su ɗaure akwatunansu. Malamai 'yan'uwana da iyaye, ku ma maganar ta shafe ku.

A makarantar nan ƙararrawa ce take tashinku da asuba. Ita take kai ku addu'ar safe, ita take kai ku sujada ran Lahadi, ita kuma take tara ku addu'ar dare kafin a kashe fitila. Wanda ya makara a rubuta sunansa, gobe ya sha yankan ciyawa. Shekara shida kuna cikin wannan tsari, har wani zai ɗauka shi mai ƙarfin bangaskiya ne, alhali kuwa ƙarfin na ƙararrawa ne. Ba zargin kowa nake yi ba. Ni ma haka na fito daga kwalejin horon malamai. Ina cikin mawaƙa, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kowa na cewa yaron kirki. Da aka tura ni koyarwa wani ƙauye inda majami'a take da nisa, ba kuma wanda ya san ni, sai da na yi wata uku cur ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Ban yi ridda ba, ban shiga shaye-shaye ba. Kawai dai babu mai kaɗa mini ƙararrawa, sai na ga ashe ba ni da tawa.

Ku duba labarin sarki Yowash a Littafin Tarihi na Biyu sura 24. Yaron nan a cikin Haikali aka ɓoye shi shekara shida don kada Ataliya ta kashe shi. Yana da shekara 7 aka naɗa shi sarki, ya yi mulki shekara 40 a Urushalima. In makarantar mishan ake nema, ai babu wadda ta kai tasa, gama Yehoyada firist ne da kansa ya rene shi. Muddin tsohon nan yana da rai, Yowash ya yi abin da yake daidai, har shi ya sa aka tara kuɗi aka gyara Haikali. Amma da Yehoyada ya rasu yana da shekara 130, sai manyan Yahuza suka zo suka yi wa sarki daɗin baki, ya kuwa saurare su, aka koma wa gumaka. Da Zakariya ɗan Yehoyada ya tsawata musu, sarki ya ba da umarni aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin nan da ya girma a ciki. Ɗan mutumin da ya ceci ransa fa! Abin da ya ba ni tsoro a labarin shi ne, duk shekarun da Yowash ya yi yana aikin kirki, ba wanda zai iya gane cewa bangaskiyar tasa ta aro ce. Kayan aro kuwa, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Daniyel kuma fa? Shi tun yana saurayi aka raba shi da gida da Haikali da malamansa, aka kai shi Babila, aka sake masa suna. A can ne, inda babu mai dubansa, ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba. Mutane sun fi son sura 6, wato ramin zakoki, amma ku lura da wani ɗan abu a wurin. Da sarki Dariyus ya sa hannu a dokar kwana 30, Daniyel bai ƙirƙiro wata sabuwar jaruntaka ba. Ya hau ɗakinsa ne ya yi addu'a sau uku a rana yadda ya saba tun dā. Lokacin ya riga ya tsufa. Ƙarfin da aka gani a ranar nan, shekaru masu yawa aka yi ana tara shi a ɓoye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya kawo ni ga ra'ayina, na kuma san wasu malamai ba za su yarda da ni ba. Duk wanda ya yi aiki a lambun makaranta ya san yadda ake yi da irin tumatir ko barkono. Ana yi masa rumfa, ana ba shi ruwa safe da yamma. Amma in kwanan dashe ya matso, mai lambu yakan fara janye rumfar, ya rage ruwa, don irin ya saba da rana. In ka cire shi kai tsaye daga inuwa ka dasa a fili, kafin azahar ya yi laushi. Mu kuwa muna riƙe ɗalibai cikin inuwa har ranar da suka rubuta takardar ƙarshe, washegari mu tura su jami'a, ko kasuwa, ko gidan kawu a birni, da wayar hannu a aljihu, sa'an nan mu yi mamaki in sun bushe. A ganina ya kamata a shekarar ƙarshe a fara janye rumfar. A bar wa manyan ɗalibai rabin sa'a da safe wanda ba za a kira suna ba, ba za a hukunta kowa ba, kowa ya je shi kaɗai da Littafinsa. Za a ce mini ai barci za su yi. Gaskiya ne, wasu za su yi barci. To, gara mu san haka tun suna hannunmu, mu zauna da su mu yi magana, da a ce bayan shekara biyar mu ji labari.

Kada kuma a rikita ƙarfin ruhu da ƙarfin murya. Akwai ɗaliban da in suna addu'a a taron zumunta sai kwanon rufi ya amsa, amma ranar jarrabawa su ne na fari wajen neman satar amsa. Akwai kuma wata yarinya da na koyar, da ƙyar ake jin muryarta, wadda ta gwammace ta sake zana lissafi shekara mai zuwa da ta karɓi takardar da aka miƙo mata ta ƙarƙashin tebur. Ta yi kuka, iyayenta ma ba su ji daɗi ba da fari. Ban taɓa jin ta yi wa'azi ba, amma ban manta da ita ba.

To, me za ku yi? Ba abu mai wuya ba ne, naci yake so. Ka zaɓi lokaci guda da wuri guda, ka riƙe. Yesu da kansa yakan tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a, kamar yadda Markus ya nuna a sura ta fari, balle mu. Kada ka fara da alkawarin karanta sura goma a rana, sati ɗaya za ka gaji. Bisharar Markus sura 16 ce, Karin Magana 31, Sabon Alkawari duka sura 260. Mai karanta sura ɗaya kullum zai gama Sabon Alkawari cikin wata tara. In ka fasa kwana biyu, kada kunya ta sa ka fasa wata biyu, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ku tuna fa, sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Miller da abokan aikinsa suka yi. Kakanninmu da yawa da furfurarsu suka zauna a ƙasa suna koyon a, ba, ca, don kawai su karanta shi da kansu. Mu ga shi a ƙasan akwati, kyankyaso na kwana a kai.

Abu na biyu, duk inda kuka sauka, ku nemi ikilisiya tun makon fari, kada ku jira sai kun "zauna sosai". Ku gabatar da kanku ga fasto, ku karɓi wani ɗan aiki, ko da share majami'a ne. Zumuntar FCS da aka kafa a Gindiri a 1957 tana da rassa a manyan makarantu da dama, ku tambaya. Ka kuma sami aboki guda mai tsoron Allah wanda ka ba shi izinin tambayarka abin da ba ka so a tambaye ka: kuɗin nan daga ina, yarinyar nan mene ne tsakaninku, yaushe rabonka da addu'a. Ni wani tsohon mai bishara ne ya yi mini haka a ƙauyen nan da na ambata. Ya zo a kan kekensa wata Asabar, ya ga ƙura a kan Littafina, bai yi mini faɗa ba. Ya ce mu karanta Zabura ɗaya tare, ya kuma ce zai dawo Asabar mai zuwa in gaya masa inda na kai. Ya kuwa dawo.