Haƙorin gaba ba ya tsirowa sau uku

A zagayen da nake yi na azuzuwan yaƙi da jahilci tsakanin Tasawa da Mayahi, na tarar da wani yaro ɗan shekara 9 da ya faɗo daga amalanke lokacin kwasar hatsi. Haƙorinsa na gaba ya fita ɗungurungum. Mahaifinsa ya jefar da haƙorin cikin rairayi, ya ce wani zai tsiro. Ba zai tsiro ba. Da wannan giɓin yaron zai girma.

Yaro yana famfarar haƙoran gaba tsakanin shekara 6 da 8. Wanda ya fito bayan famfara ba shi da magaji. Mukan tsare yaro kada ƙadangare ya ga giɓinsa, amma haƙorin da za a iya ceto sai mu yar.

Ana iya ceton sa kuwa, idan an yi hanzari. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta. A ɗauraye shi da madara ko ruwa mai tsabta, a mayar da shi cikin raminsa, yaron ya ciji tsumma mai tsabta. Wasu za su ce wannan aikin likita ne. Ni dai ina ganin aikin uwa da uba ne, domin saiwar da ta bushe na awa guda da wuya ta kama, Maradi kuwa ta fi kilomita 100 daga Tasawa. Idan an kasa, a jefa haƙorin cikin madarar shanu ko ta akuya, ba nono mai tsami ba, a nufi asibiti.

Haƙorin da ya fita kafin famfara ba a mayar da shi, yana ɓata na ƙarƙashinsa.

Idan karyewa ya yi, a nemi guntun, a sa shi a madara, likitan haƙori yana iya manna shi. Jan ɗigo a tsakiyar karayar alama ce jijiya ta buɗe, kada a kwana. Kada a sa taba, kanwa ko ruwan batir. A ba yaron kunu da koko har mako biyu, ban da rake da aya.

A asibiti a tambayi allurar tetanos. Yaron da ya yi amai ko yake yawan barci bayan faɗuwa, kansa za a fara dubawa kafin haƙori.